Tsohuwar ƙofar gilashin bahon wanka: Abin da ke mayar da ita haɗari da yadda ake cire ta lafiya

Garin Aliero ya yi suna da abu biyu tun kafin a kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a cikinsa a 2006: noman albasa da ɗorin karaya. Daga sassa daban-daban na Nijeriya, har ma da ƙasashe maƙwabta, ake kawo waɗanda suka karye wurin masu ɗorin garin. Galibi idan aka ce an nufi Aliero da mai karaya, tunani kan tafi ga hatsarin mota ko na babur a babban titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Jega da Maiyama, ya nufi Koko da Yawuri. Sai dai akwai wata karayar da ba a cika ba da labarinta ba, domin tana aukuwa ne a bayan rufaffiyar ƙofa, mutum yana shi kaɗai: karayar faɗuwa a banɗaki.

Mafi yawan gidaje a waɗannan ƙananan hukumomi uku ba ruwansu da dogon bahon wanka irin na Turawa. Makewayi ne mai daɓen siminti, da bokiti da kwano. Amma tun bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, musamman bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, gine-ginen zamani sun yawaita: gidajen 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da 'yan siyasa, da kuma masaukan baƙi. A irin waɗannan ne akan tarar da dogon baho a banɗakin maigida ko na uwargida, an kafa masa ƙofar gilashi mai ɓari biyu da ake turawa gefe, tamkar tagar alminiyom. Ƙofofin da aka kafa a wancan zamani sun haura shekara 20 yanzu, waɗanda suka gina gidajen su ma girma ya kama su. Haɗuwar tsohuwar ƙofa da jikin da ya fara rauni ita ce matsalar.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa. A cikin raunukan da ba da gangan ake jin su ba, hatsarin hanya ne kaɗai ya fi faɗuwa kisa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki suke aukuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikin mamatan.

Game da banɗaki kansa, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a 2011 wanda ya ƙiyasta cewa a 2008 kaɗai, mutum kusan 234,000 masu shekara 15 zuwa sama ne aka kai sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunin da suka ji a banɗaki. Kusan kashi 81 cikin 100 faɗuwa suka yi, kuma kamar kashi biyu cikin uku na raunukan a baho ko wurin shawa suka auku. Rahoton ya nuna fitowa daga baho ta fi shiga cikinsa jawo rauni. Dalilin a bayyane yake: mai fitowa jiƙe yake, tafin ƙafarsa da santsin sabulu, kuma dole ya tsaya da ƙafa ɗaya kafin ya tsallake bakin bahon. Wannan a ƙasar da ruwa ke zubowa daga shawa ke nan, ba wanda ke ɗauke da bokiti.

An ƙera ta don shawa, ana wanka da bokiti

Amfanin ƙofar gilashi guda ɗaya ne, wato tare ruwan da ke fantsama daga shawa kada ya jiƙa daɓe. Shawa kuwa sai da ruwa mai ƙarfi a famfo. A gidan da ya dogara da rijiyar burtsatse da tankin sama, ranar da babu wutar da za ta tura ruwa zuwa tanki, ko injin ya lalace, sai a koma ga 'yan garuwa da bokiti. A gidaje da dama bokitin ne ya zama ƙa'ida, shawar kuma ta zama ado.

A nan ƙofar ke juyewa ta zama cikas. Tun da ɓari ɗaya a bayan ɗaya yake shigewa, ba ta taɓa buɗe fiye da rabin tsawon bahon. Bahon da tsawonsa mita ɗaya da rabi ne, hanyar shigarsa ba ta cika santimita 75 ba. Ta wannan 'yar kafa za a ɗaga bokiti mai lita 20, wanda nauyin ruwansa kaɗai kilo 20 ne, a tsallakar da shi bakin baho mai tsayin kusan gwiwa, wanda kuma aka ƙara masa tudun layin alminiyom mai kaifi. Dattijon da ke buƙatar zama a bakin bahon ya juya ƙafafunsa ciki ba zai iya ba, domin layin na nan. Mai jinyar da ke yi wa mahaifiyarta wanka, ko uwar da ke wanke yara, rabin bahon kawai hannunta ke kaiwa. Mafi muni shi ne, duk wanda santsi ya kwasa, abin da hannunsa zai fara cafka shi ne ƙofar ko sandar rataye tawul da ke jikinta. Ba a yi su don ɗaukar nauyin mutum ba, ƙofar ma da an dafa ta sai ta zame gefe.

Yanayin wurin shi ma yana gaggauta tsufanta. Ƙurar hunturu takan taru a kwarin layin ƙasa, ta haɗu da kumfar sabulu ta zama laka, ta toshe 'yan ƙofofin da aka huda don ruwa ya koma cikin baho. Ruwa ya kwanta, fumfuna ta yi baƙi, kyankyasai su samu mafaka. Inda ruwan rijiya ke da gishirin ƙasa, yakan bar farin dabbare a jikin gilashi, ya daskare a kan ƙananan tayoyin da ƙofar ke tafiya a kansu. Taya ta daina juyawa, sai a riƙa jan ƙofar da ƙarfi, tana tsalle tana ƙara. Ƙofar da sai an ɗan ɗaga ta kafin ta motsa, ko wadda ƙasanta ke lilo, ko wadda gefen gilashinta ya ɓantare, ta riga ta ba da sanarwa. Wani lokaci canjin taya kan wadatar. Idan kuwa firam ɗin ya ci, ko gilashin ya tsage, ko akwai tsoho ko maras lafiya da ke amfani da bahon, gyara ɓata kuɗi ne. Cirewa ta fi.

Gilashi iri biyu ne, kuma ba su fashewa iri ɗaya

Kafin a taɓa ko da sukuru ɗaya, wajibi ne a san irin gilashin da za a ɗauka, domin a nan ne bambancin ƙwarzane da yankan da ke kai mutum ɗakin tiyata yake.

Gilashin da ake sayarwa falle-falle a shagunan masu aikin alminiyom shi ne na yau da kullum. Ana yin sa ta hanyar malala narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana wa duniya a 1959. Yana da araha, yana yankuwa cikin sauƙi, amma idan ya fashe yakan rabu dogaye-dogaye masu tsini kamar takobi. Ɓallen da ya faɗo daga sama yana iya tsinke jijiyar hannu ko ta ƙafa.

Na biyun shi ne gasasshen gilashi. Bayan an yanka shi daidai awo a masana'anta, sai a sake gasa shi a zafin da ya haura digiri 600, sannan a huce shi farat ɗaya da iska mai ƙarfi. Fuskokinsa su riga cikinsa daskarewa, cikin ya biyo baya yana janyo su, sai gilashin ya kasance a matse har abada. Wannan matsi ne ke sa ya ninka na yau da kullum ƙarfi kamar sau huɗu, kuma idan ya fashe sai ya ruguje gaba ɗaya ya zama ƙananan tsakuwa. Duk wanda ya taɓa ganin gilashin gefen mota ya tarwatse a kan titi ya san kamanninsa. Tsakuwar tana yanka, amma ba ta cika yin zurfi ba. Saboda yawan munanan raunuka ne Amurka ta kafa dokar tarayya a 1977 da ta wajabta amfani da gilashi mai kariya a ƙofofin baho da na shawa.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabe su. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa kuma ba ya huduwa bayan an gasa shi. Da an ɗora masa abin yanka sai ya tarwatse. Saboda haka, idan mai gida ya tuna cewa mai aikin alminiyom ne ya zo ya auna, ya koma shago ya yanko gilashin da hannunsa, to babu ko shakka na yau da kullum ne. Ƙofofin da aka shigo da su a kwali daga waje galibi gasassu ne, kuma akan sami ɗan tambari a kusurwarsu ɗauke da kalmar Tempered ko Toughened. Inda ba a ga tambari ba, a ɗauka mai haɗarin ne. Zanen fure ko dusashewar da ke hana ganin mai wanka ba su nuna komai game da ƙarfinsa.

Shi ma gasasshen yana da lagonsa: gefe da kusurwa. Zai iya jure duka a tsakiya, amma kusurwarsa ta ɗan taɓa tayil sai ya ruguje a hannun mai ɗauke da shi. Akan sami wanda ke fashewa da kansa cikin dare ba wanda ya taɓa shi. Wani lokaci ƙwayar sinadarin nikel salfaid ce da ta maƙale a cikinsa tun a masana'anta, amma sau da yawa tsohon ɓantare ne a gefe, ko gogayyar gilashi da ƙarfe bayan robar da ke tsakaninsu ta ƙone.

Shiri kafin a fara

Aikin na mutum biyu ne, ko da ɗayan riƙo kawai zai yi. Kowace murabba'in mita ta gilashi mai kaurin milimita 6 tana da nauyin kilo 15, don haka ɓarin ƙofa mai faɗin santimita 76 da tsayin 140 ya kai kilo 16, ban da firam. Ba nauyin ne abin tsoro ba, a'a, ɗaukarsa a wuri matsattse mai santsi.

A bari banɗakin ya bushe sarai. A fitar da yara daga ɓangaren gaba ɗaya. A toshe magudanar bahon da tsumma don kada sukuru ya faɗa, a shimfiɗa tsohon bargo ko kwali a cikinsa da kuma a kan daɓe. Masu aikin su sa rufaffen takalmi, ba silifa ba, da safar hannu mai kauri, da riga mai dogon hannu, da tabarau. Idan gilashin na yau da kullum ne ko ya riga ya tsage, a lilliƙa masa faffaɗan salatif ta fuska biyu; ba zai hana shi fashewa ba, amma zai riƙe ɓallayen. Kayan aikin ba su da yawa: sukurudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, wuƙar reza, man kwance tsatsa irin su WD-40, tsohon katin ATM, da kwalbar silikon sabuwa. Idan akwai na'urar dafa ruwa a banɗakin, ko za a yi amfani da injin huda bango, a kashe wutar daga babban makunni, a kuma tabbatar janareta ko inbata ba su ciyar da layin.

Wanda ke zaune a gidan haya, ko ma'aikacin da ke gidan hukuma, ya nemi izinin mai gida ko sashen kula da gine-gine tukuna, kuma a rubuce. Ƙofar tana cikin kayan gida, ranar tashi ana iya neman ta.

Gilashi ne farko, firam daga baya

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne fara kwance firam alhali gilashi na rataye a jikinsa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Gilashi ke fara sauka.

A tsakiyar layin ƙasa akan sami ɗan maƙalin roba da ke hana ɓarin biyu lilo, wanda sukuru ɗaya ko biyu ke riƙe da shi. Shi za a fara cirewa. Daga nan a duba inda tayoyin suke. A ƙofofin da aka shigo da su, tayoyin a sama suke, ƙofar rataye take. Sai a kama ɓarin ta gefe biyu, a ɗaga shi sama har tayoyin su bar kan layinsu, a karkata ƙasansa, a sauko da shi a hankali. A waɗanda aka haɗa a gida kuwa, galibi tayoyin a ƙasa suke kamar na taga: a ɗaga ɓarin ya shige cikin kwarin sama, ƙasansa ya fita daga layi, sannan a janyo shi. Yawanci ɓarin waje ke fara fita. Idan ya ƙi, kada a yi masa dole, kuma kada a cusa sukurudireba a ƙarƙashin gilashi a bankare shi. A nemi sukurun da ke riƙe da tayar a sassauta shi, ko a gwada fara fitar da na ciki.

Gilashi a tsaye ake ɗaukarsa, a tsaye ake ajiye shi. A jingina shi da bango a kan katako ko ninkakken kwali, nesa da hanyar wucewa, kada kusurwarsa ta taɓa tayil ko siminti.

Da gilashi ya fita, rabin haɗarin ya wuce. Ƙarfen sama a mafi yawan ƙofofi ɗora shi kawai aka yi a kan ƙarafunan gefe biyu, da an buga shi da tafin hannu daga ƙasa sai ya ɗago. Wasu suna da ƙaramin sukuru a kowane ƙarshe. Mataimaki ya riƙe ɗaya ƙarshen don kada ya faɗo ya ɓantare bahon.

Ƙarafunan gefe su ne masu gardama. Kowanne akan ɗaure shi a bango da sukuru kamar uku, wasu a ɓoye ƙarƙashin 'yan robobin da ke tare ƙofa. Idan ƙarfe biyu mabambanta suka daɗe a haɗe a wuri mai laima, ɗaya kan ci ɗaya. Shi ya sa ake ganin farin gari a kewayen sukurun ƙarfe da ke cikin alminiyom, kuma shi ya sa yake cijewa. A fesa masa man kwance tsatsa, a ba shi kamar kwata na awa, a ɗan ƙwanƙwasa gindin sukurudireban, sannan a danna da ƙarfi a juya a hankali. Bakin sukurudireban ya dace da kan sukurun daidai, domin wanda ya yi ƙanƙanta shi ke cinye kan. Idan kan ya riga ya cinye, a huda shi da inji har ya rabu da jikinsa. Bayan an cire ƙarfen sai a kama guntun da filaya a murɗo shi. Man da ya ɗiga a cikin baho a wanke shi da sabulu nan take, in ba haka ba an kafa sabon tarko.

Ko an cire sukurori, ƙarfen ba zai saki ba sai an yanke silikon da ya manne shi da tayil. A bi gefensa biyu da wuƙar reza daga sama har ƙasa, sannan a janye shi a hankali. Fizga tana iya tahowa da tayil, musamman inda aka yi rowar siminti a bayansa, kuma samun tayil mai launin wanda aka sa shekara 20 da suka wuce, ko a kasuwar Jega ko a Birnin Kebbi, sai an yi sa'a.

Layin ƙasa shi ne na ƙarshe. A ƙa'ida ba a huda baho don kafa shi, silikon ne kawai ke riƙe da shi, ko da yake akan ci karo da aikin da aka huda. A nan sai a san irin bahon. Idan maganaɗisu ya manne masa, ƙarfe ne mai farin shafe, yana jure reza matuƙar an kwantar da ita. Idan bai manne ba, roba ce ko faiba, reza tana yi mata tabon da ba ya gogewa. Dabarar da ta dace da kowanne ita ce a zura zaren roba irin na masunta a ƙarƙashin layin, a riƙa ja gaba da baya kamar zarto har ya ratsa silikon ɗin. Abin da za a tarar a ƙarƙashi ba kyan gani: baƙar laka ta shekaru.

Ramukan da aka bari

Nan ne masu gaggawa ke tsayawa, kuma nan ne ɓarnar da ba a gani take farawa. Kowane sukuru ya bar rami da ya ratsa tayil ya shiga bulo. Ruwan wanka zai riƙa bi ta nan, bulo ya sha, bayan 'yan watanni fentin ɗakin da ke bayan bangon ya fara kumbura yana ɓarewa, tayil ya fara ƙarar kwankwaso idan an ƙwanƙwasa shi.

Da farko a kankare tsohon silikon tas da katin roba, domin sabo ba ya kama jikin tsoho. Farin dabbaren gishirin ruwa yana narkewa da ruwan lemun tsami ko ruwan khal idan an bar shi ya jiƙa. Baƙin fumfuna kuma ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, ke kashe shi. Amma kada a kuskura a haɗa su, ko a zuba ɗaya a kan ɗaya kafin a ɗauraye: bilic da abu mai tsami suna fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, banɗaki kuma wuri ne maras iska. Haka hukuncin yake ga bilic da ruwan wanke masai.

Sannan a zaro 'yan robobin da ke cikin ramukan, waɗanda masu aiki ke kira fisha, ta hanyar ɗan murɗa sukuru a ciki a janyo da filaya. Wanda ya ƙi fita a yanke kansa a tura shi ciki. A busar da ramin, a cika shi da silikon mai launin tayil, ko da farin simintin da ake cike tsakanin tayil da shi, a share saman ya yi daidai. Idan an huda bakin bahon, shi ma a toshe, domin ruwan da ya shiga ƙarƙashin baho ba shi da mafita. A duba layin da baho ya haɗu da bango a sabunta silikon ɗinsa, sannan a ba shi awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi.

Idan an ji rauni

Yankan gilashi ana danne shi ne da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun ko ƙafar sama, a ci gaba da dannewa ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Ɓallen da ya nutse a jiki ba a zare shi a gida, domin mai yiwuwa shi ne ya toshe jijiyar jini. A danne gefensa a tafi asibiti. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man juye. Yanka a wuyan hannu ko yatsu, ko da jini ya tsaya, yana buƙatar a duba ko jijiyar motsi ta tsinke, a kuma yi allurar rigakafin tetanus idan an daɗe ba a yi ba.

Tsohon da ya faɗi ya kasa tashi, ƙafarsa ɗaya ta gajarta ta juya waje, ana zargin karayar wuyan ƙashin cinya. Kada a tsayar da shi don a gwada. Wannan karaya a can cikin gaɓar ƙugu take, inda karan ɗori ba ya kaiwa, kuma a jikin tsofaffi galibi sai da tiyata. Ba rage darajar masu ɗori ba ne a ce hoton ƙashi ya kamata a fara nema. Akwai babban asibiti a Jega da Aliero da Maiyama, daga nan ana iya tura maras lafiya Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Tarkacen da abin da zai maye gurbi

Alminiyom ba ya rasa mai saye, 'yan gwangwan za su auna shi su biya. Gilashi na yau da kullum da ya fita lafiya, mai aikin alminiyom zai iya yanka shi ya yi taga. Gasasshe kuwa sai dai a yi amfani da shi yadda yake. Wanda ya fashe shi ne abin lura. A wannan yanki juji ba ƙarshen shara ba ne: yara na bi ta kansa ba takalmi, awaki na kiwo a kai, kuma idan rani ya yi akan kwashe shi a kai gona a matsayin taki. Gilashin da aka watsar a juji a cikin gari yana iya ƙarewa a fadama, inda ake dashen albasa da hannu. A naɗe shi a kwali, a sa a buhu a ɗaure, a binne shi a rami mai zurfi ko a zuba shi a ƙarƙashin kankaren wani gini. Bayan shara, a bi daɓen da jiƙaƙƙen tsumma, a jefar da tsumman.

A gurbin ƙofar, labulen roba a kan sanda ya wadatar ga mai shawa, ga araha, ga sauƙin wankewa, kuma yana buɗe bahon daga farko har ƙarshe. Ƙasansa ya riƙa sauka a cikin baho, ba a waje ba. Mai wanka da bokiti a zaune ma zai iya yi ba labule. Abin da ya fi labule muhimmanci shi ne ƙarfen dafawa, wanda aka kafa da dogayen sukurori har cikin bulo, ba wanda ke manne da tayil da iska ba, kuma ba sandar tawul ba. A sa ɗaya a tsaye a wurin shiga, ɗaya a kwance a bangon ciki daidai inda hannun mai zama zai kai. A ƙara da shimfiɗar roba mai hana santsi a cikin bahon, da kujera 'yar tsugune mai robobi a ƙafafu. Banɗakin da tsoho ke amfani da shi kuma ya kasance ana iya buɗe ƙofarsa daga waje.

Cire ƙofar ba ya rage tsayin bakin bahon. Ga wanda gwiwarsa ba ta ɗaguwa, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mafita ita ce a fitar da bahon kansa a mayar da wurin daɓe. Wannan kuma aikin mai gyaran famfo ne da birkila, domin sai an sauke bututun magudana zuwa ƙasa, an sa masa lanƙwasar da ke riƙe ruwa don tare wari, an karkata daɓen zuwa gare shi, sannan a shimfiɗa tayil mai kaushi maimakon mai sheƙi.